Neman shawara: fim ɗin 'yan daba wanda bos ɗinsa ba ya burge mutum

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana fim ku taimaka mini da sunayen fina-finan 'yan daba ko na kisan kai masu ma'ana, uku ko huɗu, in kalla a hutun nan. Amma ba irin wanda ake tashi bos ya fi jarumi farin jini ba. Ina son wanda zan ga mugu in ji ƙyamarsa har raina. Na Amurka ko na Indiya duk ɗaya ne a wurina.

Abba Fagge: Wa alaikumus salam Anti. The Godfather. Magana ta ƙare.

Sadiya Zariya: Haba Abba, ka karanta abin da ta rubuta kuwa? Wa ya taɓa ganin Marlon Brando zaune yana shafa magen nan a cinyarsa ya ji ƙyamarsa?

Abba Fagge: To ai ba tsohon ne abin tsoro ba, ɗan ne.

Malam Habu: Kowannenku ya kama wani ɓangare. Abin da darakta Coppola ya yi a fim ɗin nan na 1972 shi ne ya ɗauki mugunta ya sa mata babbar riga. Ofis mai duhu, magana ƙasa-ƙasa, ana sumbatar hannu, kowa bakinsa iyali da mutunci. Da wuya ka ga talakan da kuɗinsa ke ciyar da gidan, waɗanda ake kashewa galibi 'yan harkar ne irinsu, shi ya sa mai kallo ke samun kansa yana goyon bayansu. Amma Abba bai yi ƙarya ba game da ɗan tsohon, Michael. Ku tuna wurin da ake yi wa jaririn 'yar'uwarsa wanka a coci, ana tambayarsa ko ya yi tir da Shaiɗan yana cewa ya yi, a daidai lokacin yaransa na bin shugabannin sauran gidaje suna harbewa. Bai tsaya nan ba sai da ya sa aka shaƙe uban jaririn. A kashi na biyu, na 1974, yayansa Fredo ya sa aka kashe a cikin kwalekwale.
Ni dai idan ƙyama ake nema, darakta Scorsese ya fi shi. A Goodfellas na 1990 sai da ya fara lasa maka daɗin rayuwar: kuɗi, tufafi, ana shigar da kai gidan rawa ta ƙofar kicin ba layi, ana kawo maka tebur har gaban mawaƙa. Kana cikin jin daɗin sai Joe Pesci ya harbe yaron da ke kawo musu abin sha, don kawai ya mayar masa da magana. Kuma abin da ya dami abokansa a wurin shi ne wa zai haƙa ramin. Daga nan dariyarka ta ƙare.

Sadiya Zariya: Malam ka gama ba da labarin fim biyu a saƙo ɗaya, me ya rage mata ta kalla?

Malam Habu: Fim ɗin da ya haura shekara hamsin, Sadiya? Wanda bai kalla ba shi ya so.

Khalifa: Scarface fa? Ba wanda ya ambaci Tony Montana?

Yaya Sulaiman: Khalifa ƙanina, don Allah kar ka kawo wannan. Ku yi haƙuri zan yi dogon rubutu.
Bara bayan sallar magariba na sauka daga adaidaita sahu a bakin layinmu, na ciro waya zan kira gida a buɗe mini ƙofa. Ban ankara ba sai ga yaro a gabana da wuƙa. Wallahi bai wuce sa'ar ɗan yayata ba, gemu ma bai fito masa ba. Silifas ɗin ƙafarsa kowanne kalarsa daban, leɓɓansa sun bushe sun tsage, warin sholisho na tashi daga rigarsa. Hannun da ya riƙe wuƙar rawa yake yi. Na miƙa masa wayar ban yi gardama ba, amma duk da haka sai da ya yanke ni a dantse kafin ya ruga, ina jin don tsoron kar in bi shi. Jini ya jiƙa mini riga har aljihu, maƙwabta suka kai ni aka yi ɗinki. Har yau idan sanyi ya shigo wurin yana mini tsami.
Abin da ya sa na kawo wannan, tun daga ranar idona ya canja a kan finafinan nan. Wanda ya yanke ni ba shi da kwat, ba shi da kiɗa a bayansa, ba shi da wata magana mai daɗi da za a riƙa maimaitawa. Tsoro ne da ƙwaya da yunwa. Shi kuwa Scarface, na san masu kare daraktansa Brian De Palma za su ce ai a ƙarshe an nuna yadda ya hallaka, ya kashe amininsa, ƙanwarsa ta mutu ta dalilinsa, shi ma ya faɗa ruwa da harsashi a jiki. Gaskiya ne an nuna. To amma ku shiga shagunan aski ku ga hoton da ake mannawa. Al Pacino ne, wanda ya fito a Tony Montana, da ƙatuwar bindiga, ba gawarsa ba. Fim ɗin 1983 ne, yaran da ke ɗaukar sunan a yau iyayensu ma ba su yi aure ba lokacin. Darakta ya kwashe kusan awa uku yana ƙawata mutum, minti goma na ƙarshe ba za su goge ba.
Maman Ilham, wanda zan ba ki shi ne City of God, na ƙasar Burazil, 2002, Fernando Meirelles ya ba da umarni. A unguwannin talakawa na birnin Riyo aka yi shi, kuma yawancin yaran da suka fito ciki ba 'yan fim ba ne, daga irin unguwannin aka ɗebo su. Akwai wurin da shugaban daban ya ritsa ƙananan yara a lungu, ya ce su zaɓa a hannu zai harbe su ko a ƙafa, ƙaramin yana kuka majina na zuba. Ba mai kallon wannan ya ce yana so ya zama shi. Amma kar ki kalla da yara a ɗaki.

Sadiya Zariya: Subhanallahi. Allah ya ƙara kiyayewa Yaya, ya mayar da alheri.

Abba Fagge: Allah ya tsare gaba. Ban san abin ya kai haka ba.

Khalifa: Allah ya ba da haƙuri Yaya. Ni dai wasan Pacino nake nufi, ba halin mutumin ba.

Yaya Sulaiman: Na sani Khalifa, ba da kai nake ba. Amin, na gode muku.

Baba Alhaji: Ku yaran nan kuna ta Amurka Amurka. Mu da muka kalli Sholay a silimar Plaza mun san bos. Ranar da Gabbar ya sare wa Thakur hannaye biyu, silima ta yi tsit, har masu sayar da gyaɗa suka daina yawo. Amjad Khan da ya fito a Gabbar bai sa kayan ado ba, haƙora a dafe, yana tafe yana jan bel a kan duwatsu, yana dariya kafin ya yi kisa. Fim ɗin 1975 ne, har gobe ba a yi kamarsa ba.

Khalifa: Ranka ya daɗe Baba, lokacin tikiti nawa ne, sule biyu?

Baba Alhaji: Lokacin babanka bai iya ɗaura zariya ba, ja'iri.

Ummi Jos: Baba Allah ya ƙara girma, amma Gabbar ai shi ne ainihin abin da Anti ta ce ba ta so. Ya fi jaruman fim ɗin suna, har tallan biskit aka yi da shi a Indiya. In dai Indiya ne, a nemi Vaastav na 1999. Sanjay Dutt ya fara da sayar da abinci a bakin titi, tsautsayi ya sa ya yi kisa, 'yan siyasa suka yi amfani da shi suka yar. A ƙarshe ƙwaya ta cinye shi, yana ɓoye yana karkarwa, ya roƙi mahaifiyarsa ta raba shi da wahala, ita ta harbe shi da hannunta. Na yi kuka ba kaɗan ba.

Sadiya Zariya: Ke ma kin bi sahun Malam Habu, kin faɗi ƙarshen.

Malam Habu: A ƙara da Satya na Ram Gopal Varma, 1998. Shi ya sauke 'yan daban Mumbai daga manyan gidaje ya mayar da su ƙananan ɗakuna masu zafi, suna cin abinci a ƙasa, suna faɗa da matansu, suna tsoron 'yan sanda. Anurag Kashyap yana cikin waɗanda suka rubuta shi, daga baya ya yi nasa Gangs of Wasseypur a 2012, rikicin gidaje a yankin haƙar kwal na Dhanbad, kashi biyu, sama da awa biyar. Sai dai ashar ɗin ciki ya yi yawa, ban ba mace mai yara shawara ba.

Ɗan Maraɗi: Ku dai ku guji na fassara in kuna son ku ji tsoron bos. Na sayi wani a wurin masu turawa, mutum yana yanka mutane amma mai fassara ya mayar da shi ɗan barkwanci, yana sa masa karin magana da kirari. Yaran gidanmu suna ta ƙyalƙyala dariya ana kisa. Na kashe na goge.

Khalifa: A'a fa, kar a taɓa mana 'yan fassara. Ba don su ba da yawanmu ba mu san me ake cewa ba.

Ɗan Maraɗi: Ban ce duka ba. Akwai masu tsayawa kan labari, akwai masu neman a yi dariya ko ta halin ƙaƙa.

Dakta Aisha: Na shigo a makare. Biyu zan ba da. No Country for Old Men na 'yan'uwan nan Coen, 2007. Mugun ciki, Javier Bardem, ba a gaya maka daga ina ya fito ko me aka yi masa yana yaro. Ya tsaya a gidan mai ya jefa kwabo ya ce wa tsoho mai shagon ya canka, tsohon bai ma san ransa ake caca da shi ba. Kusan babu kiɗa a fim ɗin gaba ɗaya, sai ƙarar takalmi da iska.
Na biyu ya fi taɓa ni, Memories of Murder na Bong Joon-ho, Koriya ta Kudu, 2003. Labarin gaske ne na matan da aka riƙa kashewa a yankin Hwaseong daga 1986 zuwa 1991. Lokacin da aka yi fim ɗin ba a san wanda ya aikata ba, don haka ba a nuna maka ko wane ne bos ɗin. Abin da kake gani 'yan sanda ne da suka rasa madafa suna dukan bayin Allah don su amsa laifi, har da wani yaro mai taɓin hankali. Sai a 2019 gwajin ƙwayoyin halitta ya tona asirin mutumin, ashe yana kurkuku tuntuni saboda kashe ƙanwar matarsa.

Yaya Sulaiman: Wannan na biyun zan nema, Dakta. Na gode.

Ummi Jos: Namu na gida fa? King of Boys na Kemi Adetiba, 2018. Sola Sobowale ta yi ƙoƙari, kuma an nuna yadda daba da siyasa ke cin abinci a kwano ɗaya a Legas.

Abba Fagge: Ta yi, amma ita ma ai tafi ake mata a ƙarshe. Mu a Kano ma ba za a yi irinsa ba, tun 2021 hukumar tace finafinai ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya.

Baba Alhaji: Kuma sun yi daidai. Yaro abin da ya gani shi yake kwaikwaya.

Dakta Aisha: Baba a gafarce ni, ban yarda gaba ɗaya ba. Yaron da ya yanki Yaya Sulaiman ba a fim ɗin Hausa ya koya ba. Da za a samu darakta ya bi irin yaron nan har gida, ya nuna uwarsa, ya nuna mai sayar masa da ƙwaya da mai sayen wayar sata da wanda ke ba shi kuɗi ranar zaɓe, da ya yi mana amfani fiye da shirun.

Baba Alhaji: 'Yata, wa zai ba da kuɗin yin wannan, kuma wa zai bari a fitar?

Khalifa: Ni tambayata ɗaya ce tun ɗazu. A fim ɗin Heat, wurin da suka zauna shan kofi, Pacino ne ya fi ko De Niro?

Abba Fagge: De Niro, ko tantama babu. Pacino ihu ya yi masa yawa a fim ɗin.

Khalifa: A wannan zaman bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, koma ka sake kallo.

Ɗan Maraɗi: Wanda yake da na Koriyan nan mai rubutun Turanci ko Faransanci a ƙasa ya yi mini magana ta gefe, datata ba za ta iya sauke shi ba.

Sadiya Zariya: Akwai shi a kwamfutar ƙanina. Amma daga Zariya zuwa Maraɗi sai dai in ba direba filashi.