Ina za mu kai aikin daɓen ulu a gani? Tambaya daga Aboabo

Mai Ulu, Aboabo:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Mu mata tara ne a Kumasi, yawancinmu daga Aboabo da Asawase, kuma shekara uku ke nan muna haɗuwa kowace Asabar a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu muna wani aiki da muka sa wa suna daɓen ulu. Ga wanda bai san shi ba, ba saƙa ba ce kuma ba ɗinki ba ne. Ana shimfiɗa tsefaffen gashin tunkiya a kan tabarma, hawa ɗaya a tsaye, hawa ɗaya a kwance, a rufe shi da guntun gidan sauro, a yayyafa ruwan ɗumi mai sabulu, sannan a yi ta murzawa da naɗewa har silin gashin su sarƙe da juna su zama ƙyalle guda mai kauri. Kafin a gama yakan tsuke da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka duk wadda ba ta yi lissafin wannan ba, hular da ta yi nufin babba za ta koma ta jariri. Mun koyi darasi da sabulun salo ma, domin yana aiki sosai amma yana bar wa farin ulu launin ƙasa-ƙasa.

Muna yin jakunkuna da takalman ɗaka da shimfiɗun sallah, kuma biyu daga cikinmu sun fara yin manyan zanuka na rataya a bango. Har yanzu masu sayen kayanmu dangi ne da maƙwabta. Abin da nake tambaya shi ne, ina ya kamata ƙungiya irin tamu ta nufa idan tana son a ga aikinta a wurin baje koli? Kuma na ji akwai ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa da ƙasa a Birtaniya, shin biyan kuɗin shigarta zai amfane mu, ko kuwa kuɗin ya fi dacewa da sayen ulu? Ulun nan daga waje ake kawo mana shi, kuma kowane kilo sai mun ji shi a jikinmu.

Malamar Zane, Ayeduase:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin a ambaci kowane wuri, sai kun fara raba kayanku gida biyu, domin kalmar baje koli tana ɗauke da abu biyu da ba a shiga su ta ƙofa ɗaya. Akwai kasuwar kayan hannu, inda ake biyan kuɗin rumfa a jera jakunkuna da takalma a sayar, kuma abin da ake nema a can shi ne kaya masu yawa, masu kama da juna, masu farashin da mai wucewa zai iya biya. Akwai kuma nunin fasaha, inda wani mai tsara nunin zai zaɓi aiki ɗaya ko biyu ya rataye, wataƙila ba a sayi ko ɗaya ba, amma sunan mai aikin ya shiga takarda. Jakunkunanku na kasuwa ne, zanukan bangon nan biyu su ne na nuni, kuma wanda ya kai jaka wurin da ake neman zanen bango zai dawo yana cewa an raina shi alhali ƙofa ce ya ɓata.

A nan gida ba ku rasa inda za ku fara ba. Cibiyar al'adu ta Kumasi da ke Bantama tana da rumfunan masu sana'ar hannu, kuma baƙin da ke zuwa kallon kente da kayan tagulla suna bi ta wurin kullum. A jami'ar KNUST akwai sashen zane da sassaƙa, wanda daga cikinsa ne ƙungiyar masu fasaha ta blaxTARLINES ta fito, kuma manyan nune-nunen da suka shirya a gidan tarihin kimiyya da fasaha na Accra daga 2015 zuwa 2017 sun nuna cewa ba sa ƙyamar kowane irin kayan aiki. Kada ku manta cewa mai fasahar nan Ibrahim Mahama, wanda ya yi karatu a wannan sashen, da tsofaffin buhunan koko da gawayi ya yi suna har a babban nunin fasaha na birnin Banis a Italiya, kuma ya buɗe cibiyarsa ta fasaha a Tamale a 2019. A Accra akwai gidauniyar Nubuke a East Legon, wadda ta daɗe tana aiki da masaƙa a Wa, saboda haka sun san darajar zare. Akwai kuma bikin fasaha na Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011, wanda ake yi a watan Agusta, sai dai bikin titi ne, da ƙura da rana da hannayen jama'a, kuma ni ba zan kai farin ulu can ba sai da shiri.

Game da ƙungiyar Birtaniya, sunanta International Feltmakers Association, an kafa ta a 1984, tana fitar da mujalla mai suna Felt Matters, tana kuma shirya wa membobinta nuni da darussa. Ra'ayina shi ne kada ku shiga ku tara. Mutum ɗaya ta shiga, ku haɗa mata kuɗin, ta riƙa kawo muku abin da ta karanta. Amfanin da na fi gani a ciki shi ne ganin yadda wasu ke ɗaukar hoton aikinsu da yadda suke rubuta bayaninsa, domin duk wani kiran neman ayyuka da hoto ake tace shi, kuma alƙalan ba za su taɓa ƙyallen da hannunsu ba. Ku ɗauki hoto da hantsi a inuwa, a jikin farin bango, ɗaya na dukan aikin, ɗaya kuma daga kusa sosai yadda za a ga gashin, ku rubuta tsawo da faɗi da shekarar da aka yi shi.

Tsohon Mai Huluna, Alabar:

'Yata, Allah ya yi wa sana'arku albarka. Malama ta faɗi wurare, ni kuwa zan faɗi abin da za a tambaye ku idan kun isa can, domin na yi shekaru ina sayar da hula kuma na san mai saye yana fara tambayar asalin kaya kafin farashinsa. Za a ce muku, ulu a Gana? Kuma tambayar tana da hujja, saboda tumakinmu na nan, da gajerun na kurmi da dogayen na arewa, gashi gare su irin na akuya wanda ba ya daɓuwa. Idan amsarku ita ce kun sayi ulun tumakin marino daga Afirka ta Kudu ko Ostireliya kun yi abin da matan Turai ke yi, to za a yaba muku da baki a wuce.

Amma kada wani ya ce muku wannan abu baƙo ne a wurinmu. Jar dara da kakanninmu suka sa, wadda dogarai ke sawa, wadda sojojin Hausa na zamanin Turawa suka sa a wannan ƙasa, dangin aikinku ce. Irin wadda ake yi a Tunis, saƙa ta ake fara yi da ulu ta fito ƙatuwa kamar buhu, sannan a yi ta bugun ta cikin ruwa da sabulu har ta tsuke saƙar ta ɓace, a taje ta, a rina ta ja, a ɗora ta a kan wani abu mai siffar hula ta bushe. Hanyar ta ɗan bambanta da taku tun da ku ba kwa saƙawa, amma tsukewar ɗaya ce. Sa'an nan akwai tumakin Masina a ƙasar Mali, a fadamun kogin Kwara, waɗanda su kam ulu gare su na gaske, kuma da shi Fulanin can ke saƙa barguna masu kauri da ake kira kasa. Fatake sun daɗe suna gangaro da irin waɗannan barguna zuwa ƙasar Asante, inda sarakuna ke darajanta su ƙwarai. Ulun Masina yana da kaushi, ba zai yi abin yafawa a wuya ba, amma don shimfiɗar sallah ko zanen bango ina ganin ya cancanci gwaji. Ku nemi 'yan Mali da ke harkar dabbobi a nan garin su samo muku kaɗan. Idan ya daɓu, kun sami abin da babu wata mata a Ingila da za ta kawo, kuma a lokacin ne zancen nuni a waje zai yi ma'ana.

Ɗan Kasuwa, Tudu:

Baba ya yi gaskiya a kan asali, amma ina roƙon ya yi mini afuwa, domin a ganina bai kamata su jira ulun Mali kafin su fita ba. Hanyar can ba ta da tabbas a yanzu, kuma mata tara ba za su dakatar da sana'a suna jiran buhu ɗaya ba. Akwai ulu a kusa da ku wanda ba a lura da shi, wato rigunan sanyi na gwanjo. A kasuwar Kantamanto nan Accra, da kuma wajen masu gwanjo a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ana samun waɗanda aka rubuta ulu zalla a wuyansu, kuma saboda zafin ƙasarmu ba su da masu saye sosai. Idan aka wanke su da ruwan zafi aka murza, sukan tsuke su yi kauri yadda za a yanka ba tare da sun warware ba. Sai dai a duba rubutun da kyau, domin na roba ba ya tsukewa, haka ma ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki. Aikin da aka yi da kayan da Turai ta zubar mana labari ne da masu shirya nuni ke sauraro a yau.

Game da fita waje, wurin da ya fi kusa da ƙarfinku shi ne SIAO a Wagadugu, babbar kasuwar kayan hannu ta Afirka da aka fara a 1988, ana yin ta bayan kowace shekara biyu, kuma mota ce ke kai mutum ta Tamale da Bolga da Paga. Ku tuntuɓi hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Gana a kan yadda ake shiga cikin tawagar ƙasa, ku kuma tambayi takardun da ake nema a iyaka, tun da Burkina ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Akwai kasuwar kayan hannu ta Santa Fe a Amurka da aka fara a 2004, ake kuma yi a watan Yuli, wadda masaƙan kwandon Bolga da masu daɓen ulu na Kirgistan ke zuwa, amma su aikin da ke da tushe a al'adar masu yinsa suke nema. Matan Kirgistan suna da shimfiɗunsu na gado da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin abubuwan da ke buƙatar kariyar gaggawa a 2012, kuma da irinsu za a auna ku. A nan maganar Baba take da nauyi, na yarda.

Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai, domin ya faru da ni. Na taɓa samun saƙon imel daga wani wurin nuni a Turai suna cewa sun ga kayan fatar da nake sayarwa sun zaɓe ni, sai dai in biya kuɗin bango. Na biya, na biya kuɗin aikawa, kayan suka yi sati biyu a wani lungu, ba a sayi ko ɗaya ba, sa'an nan aka ce in biya kuɗin dawo da su da na kwastan. Na bar musu. Wurin nuni na ƙwarai kasonsa yake ɗauka idan an sayar, wani lokaci har rabin kuɗin, kuma wannan ma sai a rubuta a takarda tare da wanda zai ɗauki asara idan aiki ya lalace. Ƙaramin kuɗin cike takardar neman shiga abu ne da aka saba, amma wanda ya fara yabonku kafin ya ga aikinku sannan ya aiko da lambar asusu, ku rufe saƙon.

Malamar Zane, Ayeduase:

Ina ƙara abu ɗaya a kan na Alhaji Ɗan Kasuwa. Daminar Kumasi da asu su ne abokan gabar ulu. Duk aikin da kuke nufin nunawa, ku tabbata ya bushe ƙarau, a naɗe shi a kan sanda maimakon a ninke shi, a sa a jakar yadin auduga nesa da bango, a riƙa fito da shi yana shan iska. Na ga kyakkyawan aiki da aka ƙi karɓa a ranar rataya saboda warin fumfuna kawai.

Mai Ulu, Aboabo:

Na gode Malama, na gode Baba, na gode Alhaji, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa 'yan uwana amsoshinku jiya bayan la'asar, kuma an ɗan yi gardama, domin masu jaka suna son a nufi Wagadugu, masu zanen bango kuma suna son a fara da jami'a. Abin da muka tsayar shi ne za mu nemi ɗaki a nan Kumasi na kwana uku bayan damina, mu rataye zanukan, mu ajiye tebur ɗaya na kayan sayarwa a bakin ƙofa, mu gayyaci malaman sashen zane su zo su gani da idonsu. Ƙaramarmu, wadda ta fi mu Turanci, ita za ta shiga ƙungiyar Birtaniya da kuɗin adashinmu na wata mai zuwa. Na riga na sayo rigunan gwanjo huɗu, uku sun tsuke, ɗaya ta fito yadda ta shiga.

Baba, ina da roƙo. Idan akwai tsohuwar dara a cikin kayanka, ko da asu ya taɓa ta, ka ara mana mu auna kaurinta da zurfinta, domin muna son mu gwada yin guda uku kafin ranar. Zan aiko yaro Alabar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci idan ka amince.