Dillali na neman la'adar dubu 160 a kan hayar dubu 800, haka dokar Legas ta ce?

Mai Albasa Mile 12:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san kan dokar haya a Legas ya haska mini, domin ranar Litinin ake jiran amsata.

Shekarata 9 ina harkar albasa a kasuwar Mile 12. Duk tsawon nan mu huɗu muke kwana a ɗaki ɗaya a Ketu, iyalina suna gida Aliero. Bana na ƙudurta ɗauko maiɗakina da yaranmu biyu, babban ya isa shiga makaranta kuma ina so ya tashi a gabana. Wata biyu ke nan ina yawon neman gida. Gidaje uku aka kai ni, kowanne sai da na ba da dubu 5 kuɗin dubawa, kuɗin mota ma ni na biya mana. Ɗaya daga ciki da muka isa sai muka tarar har an riga an shiga.

Na huɗun ya kwanta mini. Ciki da falo ne da kicin da banɗaki, wajen Alapere, akwai masallaci a bayan layin. Haya dubu 800 a shekara. Na ce alhamdu lillahi, na tanadi hakan. Sai dillalin ya ɗauko takarda ya rubuto mini: la'adarsa dubu 160, kuɗin yarjejeniya dubu 160, kuɗin koshin, wato na ajiya ko da ɗan haya zai ɓata wani abu a gidan, dubu 80. Miliyan 1 da dubu 200 ke nan. Rabin kuɗin hayar aka sake ɗora mini, alhali ko idon mai gidan ban gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na nemi ragi, sai ya ce in gode Allah, wai da ƙyar ya shawo kan mai gidan ya yarda da Bahaushe. Na yi shiru na haɗiye. Mu a kasuwa akwai dillalai, amma kowa ya san la'adar buhu, kuma tun kafin a sallama ake faɗin la'ada ciki ce ko waje. Shin gwamnati ba ta yanka wa dillalan gidaje iyaka ba ne? In ta yanka, nawa ne, kuma wa ake kai wa ƙara?

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar nawa, ka fara ganin mai gidan da idonka. Ƙanwata ta biya dubu 300 kafin alƙalami a hannun wani dillali, ranar karɓar makulli suka haɗu su biyar a ƙofar gida ɗaya, kowa da rasidinsa. Wayarsa a kashe har yau. Kada ka ba da tsabar kuɗi, ka tura ta banki, kuma na haya ya shiga asusun mai gida. Kuɗin koshin kuwa ka sa a rubuta cewa za a mayar maka in ka tashi ba ka ɓata komai ba. Gida biyu na tashi a garin nan, ko sisi ba a dawo mini da shi ba.

Tsohon Dillali, Agege:

Ƙanena, ni dillali ne, shekara 20 da ɗoriya, kuma zan faɗa maka yadda abin yake daga ciki.

Wannan dubu 160 ɗin da wuya ta shiga aljihu ɗaya. Mai gida ya ba mai kula da gidansa, shi ya faɗa wa dillalin unguwa, na unguwa ya saka hoto a WhatsApp, wani ya ɗauka, shi ne ya kawo ka. Mutum uku ko huɗu ke nan, kowa na jiran rabonsa. Maimakon su raba abin da ya dace, sai su ninka a kanka. Kuɗin yarjejeniyar ma sau da yawa babu wani lauya, tsohuwar takarda ce za a canza suna a shagon kwamfuta a buga, mai gida da dillali su raba kuɗin. Ban ce halal ba ne, na faɗa maka abin da ake yi ne.

Amma a yi mana adalci ta wani gefen. Nakan yi sati uku ina zaga unguwanni da mutum cikin rana da cunkoso, ƙarshe ya zagaya ta bayana ya haɗu da mai gida, in tashi a tutar babu. Daga nan kuɗin dubawa ya samo asali. Kuma gidajen ba su isa ba. Ɗaki ɗaya mutum goma na bi, in ka ce doka, na bayanka ya riga ya ciro kuɗi. Wannan shi ne ƙarfin dillali, ba wani abu ba.

Maganar da ya faɗa maka ta Bahaushe kuwa bai kyauta ba. Akwai masu gidan da ke ƙin mu, na sha gani, amma wasu dillalan da ita suke tsorata mutum don kada ya yi ciniki. Ka je da dattijo ɗaya daga kasuwarku mai jin Yarbanci ku gaida mai gidan. Sau da yawa shi kansa bai san abin da aka ɗora a kan gidansa ba.

Ɗan Zariya a Ikeja:

Malam Mai Albasa, akwai iyaka, kuma a rubuce take. Ina aiki a ofishin lauyoyi, irin wannan kukan kusan kullum muke ji.

Jihar Legas tana da hukumar kula da harkar gidaje da filaye, LASRERA, ofishinta na sakatariyar gwamnati a Alausa. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokarta a 2022. Dokar ta wajabta wa duk mai dillancin gida ya yi rajista da hukumar, kuma la'adar haya kada ta wuce kashi 10 cikin 100. A kan dubu 800, haƙƙinsa bai wuce dubu 80 ba. Ninki biyu yake nema. Yawan dillalan da Alhaji na Agege ya lissafa ba ya ƙara kason, su raba dubu 80 ɗin a tsakaninsu.

Sai dokar haya ta 2011, wadda aka yi zamanin Gwamna Fashola. Ita ce ta haramta karɓar hayar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, da tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata 3, kuma mai bayarwar ma yana da laifi. Ta tilasta wa mai gida ba da rasidi. Sashe na 11 shi ne ya fi shafar ka: wanda ya ɗauko ƙwararre don aikin yarjejeniyar haya, shi zai biya shi. To in lauyan mai gida ne ya rubuta takardar don ya kare mai gida, me ya sa kai za ka biya? Mutane sun saba biya ne kawai har aka ɗauka ƙa'ida ce. In sun dage, ka ce a nuna maka sunan lauyan da hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi a jikin takardar. Dokar ba ta aiki a Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA, amma Alapere na ciki.

A 2025 an kawo wani ƙudiri majalisar dokokin jihar mai neman a sauko da la'ada zuwa kashi 5. Ni ba na adawa da shi, amma a ganina lamba ba ita ce ciwon ba. Kashi 10 ɗin da doka ta riga ta yanka wa ya bi shi? Dillalin da ke zaune a bakin titi da allo da alli bai taɓa taka Alausa ba, kuma ɗan hayan da ya biya miliyan sai a ba shi rasidin haya kaɗai, sauran kuɗin ba su da shaida. Hukuma ba za ta kama abin da ba a rubuta ba. Mu 'yan Arewa abin ya fi cin mu, domin mun taso da ciniki na baki da amana, muna jin nauyin cewa dattijo ya rubuta mana.

Saboda haka ka tambaye shi lambar rajistarsa ta LASRERA, ka ce kowane kuɗi a rubuta shi daban da sa hannu. In rigima ta taso, ban da hukumar akwai cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a ta jiha, kyauta suke zama da mai gida da ɗan haya.

Mai Albasa Mile 12:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Jiya bayan la'asar na ɗauki shugaban layinmu na 'yan albasa muka je. Mai gidan tsohuwa ce, ta karɓe mu hannu bibbiyu har da ruwan sha. Ta ce ita dubu 800 ta sani da dubu 50 na koshin, kuma ba ta taɓa cewa ba ta son Bahaushe ba, wanda ya tashi daga ɗakin ma ɗan Katsina ne. A gabanta na tambayi lambar rajista, dillalin ya ce tana ofis.

An tsaya a la'ada dubu 100, ya ce su uku ne, kuma ban so in rasa gidan a kan dubu 20. Na san ya haura ƙa'ida, Malam na Ikeja ka yi haƙuri. Yarjejeniya ta koma dubu 40, ɗanta zai kai wa lauya a kawo da hatimi. Koshin dubu 50, an rubuta za a mayar. Na tura hayar asusunta, rasidi uku suna hannuna. Dubu 990 na kashe maimakon miliyan 1 da dubu 200. Ranar Asabar zan karɓi makulli, in sha Allah bayan an yi fenti in tafi Aliero in ɗauko su.