Kan nonona ya tsage, ga hawan jini

Mai jego: Salam 'yan uwa. Yau kwanana 16 da haihuwa, ɗan fari. Kan nonon hagu ya tsage, in yaron ya kama sai na ciji lefen hijabi don azaba. Ga hawan jini tun ina da ciki, Inna kuma kullum sai ta dama min kunun kanwa, wai nono zai kawo. Ya zan yi?

Maman 'yan biyu: Sannu ƙanwata. Yawanci kamun ne bai yi daidai ba. Ki bari ya wangale baki sosai, ya haɗa da baƙin da ke zagaye da kan nonon. In ya gama, shafa ɗan ruwan nonon a wurin, ki bar shi ya bushe.

Ma'aikaciyar jinya: Kanwa gishiri ce, tana ƙara hawan jini. Ki lallaɓa Inna a koma kunun gyaɗa. In ƙafa ta kumbura, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ko nonon ya yi ja da zazzaɓi, ki tafi asibiti ranar. Kada ki daina shan maganinki.

Mai jego: Na gode Anti. Inna dai sai na turo mata Baban yaro.