Zomonmu ya ƙi shan magani

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Likitan dabbobi ya rubuta wa zomon 'yata maganin ruwa, amma da ya hango sirinji sai ya datse baki, ya yi ta harbi. Duk ya yakushe min hannu. Yaya zan yi?

Baban Sadik: Hajiya, naɗe shi da tawul, kai kaɗai a waje, ki zauna ƙasa da shi. Akwai giɓi bayan haƙoransa na gaba, ta gefe. Nan za ki zura sirinjin, ki riƙa matsawa kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Kada ki kwantar da shi rigingine, zai ƙware.

Ummi: Anti, ni a 'yar ayaba nake cakuɗawa, da kansa yake lashewa.

Baban Sadik: Af, wane magani ne? Amoxicillin ta baki yana kashe zomo fa.

Maman Hanifa: Na rage zafin ciwo ne. Na gode.