Neman shawara: wane fim ɗin Maori ya dace in kalla da 'ya'yana?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. 'Yata mai shekara 14 ta ga bidiyon 'yar majalisar Niyuzilan ɗin nan, Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, 'yar ƙabilar Maori (mutanen asalin ƙasar), wadda ta yage takardar wani ƙudiri a zauren majalisa a Nuwamban 2024 ta ɓarke da rawar Haka, ana zare ido ana buga ƙafa. Tun daga ranar yarinya ta hana ni sakat da tambaya: su wane ne Maori, me ya fusata su? Ina so mu kalli fina-finansu tare da ita da ƙannenta, musamman masu nuna yadda al'adarsu ke fama da zamani. Amma ina tsoron in kunna abin da zai sa in rasa inda zan sa kaina a gaban yara. Da wanne zan fara, wanne zan kauce wa?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da Whale Rider na 2002, wanda Niki Caro ta ba da umarni, daga littafin Witi Ihimaera. A ƙauyen Whangara da ke bakin teku aka yi shi. Mutanen wurin na danganta kansu da kakansu Paikea, wanda a labarinsu ya iso ƙasar a bayan kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, kuma shugabanci na bin ɗan fari namiji. Sai aka haifa wa babban ɗan shugaban garin tagwaye, namijin ya rasu tare da uwar, macen ta rayu. Uban ya tattara ya tafi Jamus. Kakan yarinyar, Koro, wato shugaban, yana ƙaunar jikarsa amma ya rantse mace ba za ta gaje shi ba, ya tara samarin gari yana koya musu sarrafa sandar yaƙi, ita kuma tana leƙe daga bayan ɗaki tana kwaikwayo.

Akwai wurin da har gobe yana raina. Tsohon na ƙoƙarin tayar da injin kwalekwale, ya nuna mata silin igiyar ya ce kakanni ne aka murɗe wuri guda suka yi ƙarfi. Yana ja, igiyar ta tsinke. Kafin ya dawo da wata, yarinyar ta ƙulle tsinkakkiyar ta tayar da injin. Maimakon ya yaba, sai ya rufe ta da faɗa. Ki sa yara su lura da fuskarsa a nan. Yarinyar da ta fito, Keisha Castle-Hughes, tana da shekara 13 aka sa ta cikin masu takarar kyautar Oscar.

Anti Binta: Na goyi bayan Baban Sadik, sai dai ki fara kallonsa ke kaɗai, don akwai shan taba da 'yan kalmomin da ba su yi daɗin ji ba. Wanda zan ce ki yi nesa da shi muddin yara na kusa shi ne Once Were Warriors na 1994. Fim ne mai ƙarfi, Lee Tamahori ya yi shi a kan wani iyali a unguwar talakawa ta kudancin Okland, amma akwai giya, dukan mace har fuska ta kumbure, fyaɗe, da yarinya da ta kashe kanta. Ni da girmana sai da na kasa barci. Boy na Taika Waititi, na 2010, akwai dariya da tausayi, labarin yaro mai jiran ubansa ya dawo daga gidan yari, to shi ma wiwi da ashar sun yi yawa.

Malam na Tudun Wada: Hajiya, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Ni abin da zan ƙara, ki ba su ɗan tarihi kafin a kunna, in ba haka ba za su ɗauki Koro a matsayin mugun tsoho kawai, alhali mutum ne da tsoro ya cika wa ciki. A ranar 6 ga Fabrairun 1840 shugabannin Maori suka sa hannu kan yarjejeniyar Waitangi da Ingila. Rubutun Turanci da na Maori ba su faɗi abu ɗaya ba a kan wa ke da iko, kuma a kan fassarar wannan yarjejeniya ne aka kawo ƙudirin da 'yar majalisar ta yage. Bayan 1840 yawancin ƙasarsu ta suɓuce, wata ta hanyar yaƙi da ƙwace, wata ta hanyar kotu. A makaranta a da ana dukan yara in sun yi harshen iyayensu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasa suka yi ta kwarara birane neman aiki, har aka wayi gari a shekarun 1980 kusan kashi 80 cikin ɗari na Maori a birni suke zaune. Tsohon da ya ga wannan da idonsa, ya ga babban ɗansa ya tsallake ya bar gida, dole ya ƙanƙame abin da ya rage. Ya yi kuskure a kan jikarsa, wannan babu musu, amma ba ƙeta ba ce.

Kuma ba su zauna sun naɗe hannu ba. A 1982 suka fara buɗe makarantun renon yara da ake kira kohanga reo, inda tsofaffi ke yi wa jikoki magana da Maori zalla. A 1987 harshen ya zama na hukuma, a 2004 suka sami tashar talabijin tasu.

Ummu Haidar: Malam, a yi mini afuwa, ina da ja. Mun ji uzurin tsohon, amma yarinyar fa? Ranar da ta tsaya a taron makaranta tana karanta jawabin da ta sadaukar masa, hawaye na zuba, kujerarsa babu kowa, wa ya ba ta nata uzurin? Kuma kada a manta da kakarta mace, ita ce ta riƙe ta, ta tura ta wurin baffanta ya koya mata sandar a ɓoye. Maman Walida, ki bar 'yarki ta ji haushin Koro in ta ji, kada ki yi saurin wanke shi. Sai daga baya ki kawo bayanin Malam.

Malam na Tudun Wada: Kin yi gaskiya 'yar uwa, a bar ta ta faɗi ra'ayinta tukuna.

Baban Sadik: Saura batun aƙida, don na san zai taso. Za su ga ana kiran kakanni cikin waƙa, ana ɗaukar kifin wel kamar ɗan dangi. Ki gaya musu kai tsaye cewa wannan imanin mutanen ne na gargajiya, mu ba namu ba ne, muna kallo ne don mu san su. Yaro mai shekara 14 ya isa ya rarrabe. Za su ga gaisuwar hongi, inda ake haɗa hanci da goshi, da marae, dandalin da dangi ke taruwa gaban ɗakin taro mai sassaƙa. A nan ake ajiye gawa kusan kwana uku ana zuwa ban kwana, saɓanin mu da muke gaggauta kai mamaci makwancinsa.

Anti Binta: Hajiya, ki tabbata wanda za ki samo yana da fassara a rubuce a ƙasa. Turancinsu na da wuyar kamawa, kuma Koro kan juya zuwa Maori daidai lokacin da maganar ta fi nauyi.