Neman shawara kan ƙera ƙaramin samfurin jirgin Ingenuity na duniyar Mars

Mai Gyaran Agogo, Agege:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na ƙudiri niyyar ƙera ƙaramin samfurin Ingenuity, jirgin nan mai saukar ungulu marar matuƙi da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta aika duniyar Mars tare da motar bincike ta Perseverance, kuma ina so kowane ɓangare nasa ya fito daga hannuna, ba tare da na sayi kayan da aka riga aka yanka ba. Ba wanda zai tashi nake nufi ba, siffarsa ta gaskiya nake so in samu a kan tebur.

Na zaɓi ma'aunin kashi 1 cikin 24. Tun da tsawon farfelar jirgin daga wannan baki zuwa wancan mita 1.2 ne, tawa za ta zama santimita 5, tsayinsa kuwa, wanda bai cika rabin mita ba, zai koma kimanin santimita 2. Gangar jikin ba ta ba ni wahala ba, domin na haɗa ta da yankakken tsohon katin banki. Farfela ce ta tsayar da ni: katin ya yi mata kauri, gwangwanin lemo kuma yana lanƙwashewa da zarar na sa masa almakashi. Haka nan ban san abin da zan yi sandar tsakiya da shi ba, sannan sufa gulu yana bar mini wani farin gari a kewayen duk inda na ɗiga shi. Wanda ya san hanya ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Injiniya, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu kai ga abin da za ka yanka, ya kamata ka san dalilin da ya sa farfelar jirgin nan ta ɗauki siffar da take da ita, domin a nan ne samfurin zai yi kama da na ainihi ko ya kasa. Kaurin iskar Mars bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na iskar duniyarmu ba. Saboda haka, duk da cewa nauyin jirgin kilo 1.8 ne kacal, sai da masu ƙirarsa suka yi masa fukafukai masu faɗi sosai, marasa nauyi, masu juyawa kusan sau 2,400 a minti ɗaya, kafin ya iya ɗagawa ranar 19 ga Afrilu, 2021, inda ya yi sama mita 3 na tsawon daƙiƙa 39. Idan ka dubi hotunansa da kyau za ka ga kowane fiffike ya fi faɗi a kusa da gindinsa, yana tsukewa zuwa baki, kuma a murɗe yake kaɗan. Wanda ya yanka tsinke biyu miƙaƙƙu masu faɗi ɗaya ya gicciya su, abin wasan yara ya yi.

Gwangwanin da ka raina shi ne daidai. Kaurin katin banki milimita 0.76 ne, wanda a ma'auninka ya zama kamar santimita 2 a jirgin gaske, alhali bangon gwangwani bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Almakashin ne matsalar. Ka buɗe gwangwanin ka shimfiɗa shi, ka goge fentinsa da samfefa mai laushi, ka manna zanen fiffiken a kai, sannan ka bi layin da sabuwar reza a kan gilashi, kana maimaitawa a hankali har ya tsinke da kansa. Ka yanka shi ta yadda ɗan lanƙwasan da gwangwanin ke da shi tun asali zai zauna a faɗin fiffiken, domin shi ne zai ba shi ƙarfi, kuma fiffiken gaske ma yana da wannan ɗan doron. Daga nan ka riƙe gindin da matsefata, ka murɗa bakin kaɗan da yatsa.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Farfelun guda biyu ne a kan sanda ɗaya, ta sama da ta ƙasa, kuma kowace tana juyawa ne saɓanin 'yar'uwarta, abin da ya sa jirgin bai buƙaci ƙaramar farfelar wutsiya ba. Ke nan murɗin ta sama dole ya zama kishiyar na ta ƙasa. Idan ka murɗa su gefe guda, duk wanda ya san jirgin zai gane kuskuren daga kallon farko.

Mai Gyaran Waya, Ikeja:

Baba, barka da ƙoƙari. Game da sandar tsakiya, ka je kyamis ka sayi sababbin allurai biyu na sirinji, babba da ƙarama, waɗanda ƙaramar za ta shige cikin babbar. Ƙarfensu ba ya tsatsa, miƙaƙƙe ne, kuma yana da rami, saboda haka za ka iya ɗaura farfelar ƙasa a babbar, ta sama a ƙaramar, kowace ta juya da kanta idan an hura mata iska. Kada ka datse su da filaya, don bakin zai mutsuke. Ka zagaye wurin da ƙaramin fayil, sannan ka karya. Ƙafafu huɗun kuma ka yi su da siririyar wayar tagulla da aka miƙe, domin wayar baƙin ƙarfe ba ta daɗewa a Legas ba ta yi tsatsa ba, musamman da damina.

Farin garin nan kuwa laimar garin nan ce ke ƙara shi. Tururin sufa gulu yana haɗuwa da danshin iska ya bushe a kan abin da ke kusa. Ka riƙa ɗiban gam ɗin da bakin allura, ka bar aikin a gaban fanka, kada ka rufe shi a gwangwani ko akwati kafin ya gama bushewa. Inda fiffike ya haɗu da sanda ka yi amfani da gam ɗin Araldite, tun da alminiyon ba ya kama dalma irin wadda muke aiki da ita.

Sai dai, da izininka Baba, ni da kashi 1 cikin 12 zan fara. Farfela za ta kai santimita 10, kuma ƙananan sandunan da ke sarrafa karkatar fukafukai za su samu wurin fitowa. A ma'auninka ba na jin za su yiwu.

Malamar Kimiyya, Obalende:

Ina ganin mai gyaran agogo ba zai rasa hannun da zai yi aiki a wannan ƙanƙanta ba, saboda haka ban goyi bayan a canza ma'aunin ba. Sandunan da ƙanenmu ya ambata ana iya nuna su da silin waya guda biyu ko uku daga cikin tsohuwar igiyar caja, ido zai cike sauran. Abin da zan ƙara shi ne NASA ta saka samfurin jirgin a shafinta wanda ake iya juya shi ta kowace fuska, kuma ya fi hoto amfani wurin auna tazarar da ke tsakanin farfelun biyu.

Kada a manta da farantin sola mai kusurwa huɗu da ke can saman sandar, da 'yar siririyar eriyar da ke kansa. Fukafukan baƙi-baƙi ne, gangar jikin kuma an lulluɓe ta da leda mai ƙyalli, wadda cikin ledar biskit zai iya tsayawa a madadinta. Wani abu da nake so ƙwarai a saka, ko da ɗigo ne: a ƙarƙashin farantin an ɗaure ɗan ƙyalle da aka yanko daga fiffiken jirgin 'yan'uwan nan Wright na shekarar 1903, wanda aka fara tashi da shi da ƙarfin inji.

Ina kuma ba da shawarar, Malam, ka yanke tun yanzu wane lokaci na rayuwar jirgin kake son nunawa. Tashi 5 aka tsara masa, amma ya yi 72, har zuwa 18 ga Janairu, 2024, lokacin da fukafukansa suka lalace wurin sauka. Idan na farkon zuwansa ramin Jezero ne, inda aka sauke shi a Mars, to a bar shi tsaf. Idan na ƙarshe ne, sai a yayyafa masa ƙura a kan farantin sola. Jar ƙasa da aka busar aka tankaɗe da rariyar shayi ta isa shimfiɗar da zai tsaya a kai.

Mai Gyaran Agogo, Agege:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan tsaya a kashi 1 cikin 24, kuma jirgin ranar tashin farko zan yi, da fukafukansa lafiyayyu. Injiniya, ina da sauran tambaya ɗaya: shin in yi wa fukafukan baƙin fenti tun suna shimfiɗe, ko sai na gama murɗa su? Ina tsoron fentin ya tsage a wurin murɗin.