Ta yaya ake gwada harin jiragen yaƙi a kan ganuwar bakin teku?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum. Ina karatun binciken kufai da kayan tarihi a nan Zariya, kuma an yi mana bayanin yadda masana ke sake ƙera kayan mutanen da su gwada su da hannunsu, kamar a gina murhun narka tama irin wanda aka tono a kufan Taruga, kusa da Abuja, a hura shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yaƙin teku. Ta yaya za a gwada harin da jirage suka kai wa ganuwa, alhali babu hukumar da za ta yarda a harba igwa a kan ginin tarihi?

Malam na Kongo:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Ba a taɓa ginin asali. Ana yin wani yanki ne irinsa, da kaya iri ɗaya da kauri ɗaya, sannan a ƙera igwar zamanin a harba masa. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya nutse a 1628, aka tsamo shi a 1961, kuma a 2014 masana suka zuba sabuwar igwar tagulla irin tasa mai harba harsashi mai nauyin fam 24, suka harba ta a kan kwafin gefen jirgin. Harsashin ya huda katakon ya wuce, tsage-tsagen itace suka watsu a ciki, kuma irinsu ne ke raunata mutanen jirgi da yawa. Ka ga ke nan wanda ya tunkari ganuwa a cikin jirgin katako shi ne ya fi shiga haɗari.

Bazazzagiya:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ina da ɗan ƙari. An yi wancan gwaji ne a tudu, igwa na kafe, alhali a teku jirgi tangal-tangal yake yi, iska na juya shi, hayaƙin albarushi kuma na rufe wa maharba ido. Gwaji yana nuna abin da igwa za ta iya yi, amma abin da ya faru a ranar yaƙi sai an haɗa da rubuce-rubuce da yanayin wurin. Dubi ganuwar Elmina a bakin tekun Gana, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Mutanen Holan sun karɓe ta a 1637, kuma ba daga teku suka ci ta ba: sauka suka yi, suka kama tudun da ke kallonta, suka haura da igwa, suka riƙa ruwan wuta daga sama.

Ɗan Magina:
Ni jikin ganuwar ne ya fi ba ni sha'awa, wataƙila don gidanmu gidan magina ne a cikin birni. Sifaniyawa sun fara gina sansanin San Markos a Filorida ta Amurka a 1672 da wani dutse mai laushi da ya samu daga ɓawon halittun teku, kuma da Ingilishi suka yi masa luguden igwa a 1740, harsasai nutsewa suka riƙa yi a jikinsa, bai tsage ba. Ina zaton ganuwar ƙasa mai kauri irin ta Zazzau haka za ta haɗiye su. Ɗalibi, wannan kana iya fara gwada shi ba tare da igwa ba: ka sa a yi maka ɗan bango na tubali da wani na bulo, ka sako musu ƙarfe mai nauyi ɗaya daga tsawo ɗaya, ka auna zurfin ramin da tsawon tsagar kowanne, da rani da kuma bayan damina.